Daga Shehuri zuwa Kukawa: abin da sunayen Borno ke gaya wa baƙo

Baƙon da ya shiga Maiduguri don yawon buɗe ido, da wuya a kai shi wani wuri kafin a kai shi ƙofar fadar Shehun Borno. Unguwar da fadar take ciki ita ce Shehuri, wadda a takardun zaɓe aka raba gida biyu, ta Arewa da ta Kudu. Bahaushe na jin sunan ya gane rabinsa, domin Shehu ba baƙon suna ba ne a kunnensa. Ragowar, wato "ri", Barbarci ne, kuma aikinsa nuna wuri: inda wane yake zaune, ko inda wasu mutane suka tare. Shehuri ke nan, mazaunin Shehu, gidansa da gidajen da suka kewaye shi.

Wanda ya riƙe wannan ɗan ɗafi, unguwannin tsohon gari za su fara yi masa bayanin kansu. Hausari ta Hausawa ce, Shuwari ta Larabawan Shuwa, Galtimari ta Galtima, wanda mu muke kira Galadima. In sunan ya ƙare da harafi irin "n" sai "ri" ta koma "ti", shi ya sa unguwar liman ta zama Limanti. Akwai kuma Fezzan, wadda ba ta ɗauki ɗafin komai ba, sunan wani yanki ne na kudancin Libiya da fataken sahara suke fitowa. A can ne, a wajen Murzuk, aka haifi Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi, kakan gidan da ke sarauta a yau. Mutumin Kano ba zai ji wannan tsari baƙo ba, tunda a birninsa ma akwai Zangon Barebari, kamar yadda Maiduguri take da Hausari.

Amma tambayar da ta fi daɗe a raina ita ce: me ya sa Shehuri, ba Mairi ba? A Barbarci sarki Mai ne, fada kuma mairi. Gidan Saifawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulki da wannan laƙabi, daga Kanem har zuwa Birnin Gazargamu. Da mayaƙan jihadi suka ci birnin a 1808, sai Mai ya nemi taimakon wani malami, El-Kanemi, wanda Barebari ke kira Shehu Laminu. Malamin ya kori abokan gaba, ƙarfi ya dawo hannunsa, amma bai karɓi sunan Mai ba. Ya tsaya a kan Shehu, sunan malanta, ya gina garinsa Kukawa a 1814, ya bar Mai da rawani ba iko. Haka aka zauna har bayan rasuwarsa a 1837. A 1846, zamanin ɗansa Shehu Umar, aka kashe Mai Ibrahim bisa zargin haɗa baki da daular Wadai, ɗansa Ali ma ya faɗi a fagen daga, sarautar Saifawa ta ƙare. Duk wannan juyin yana cikin sunan unguwa guda da direban Keke Napep ke ambata sau da yawa a wuni.

Sai dai Mai bai ɓace daga bakin mutane ba. Yana nan a farkon sunan babban birnin kansa. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne wanda ya ce maidugu a Barbarci jikan sarki ne, kamar yadda maina yake ɗan sarki, Maiduguri kuwa mazaunin wani maidugu. Asalinta ƙauyen kasuwa ce da Turawan Ingila suka mayar hedikwatarsu bayan sun bar Mafoni, suka gina gidan Razdan a 1908. Garin Shehu daban yake. Shehu Abubakar Garbai ne ya kafa shi a 1907 bayan ya baro Kukawa, aka sa masa Yerwa. Wasu sun ce sunan daga kalmar Larabci ta alheri ya fito, wasu sun danganta shi da ƙosar da ƙishirwa saboda ruwan kogin Ngadda. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964 garuruwan biyu sun riga sun soma haɗewa, sunan da gwamnati ke rubutawa ya rinjaya a waje. A ciki kuwa har gobe ɗan gari Yerwa yake cewa, kuma ina ganin ya dace baƙo ya koyi faɗin haka in ya tsaya a Shehuri, domin nan ce Yerwa ta ainihi.

A gaban fadar akwai shimfiɗeɗiyar hanya mai faɗi da ake kira Dandal. Tsarin garuruwan Barebari ne tun da: gidan mai gari a gabas yana fuskantar yamma, masallaci a gefensa, fili ya miƙe daga bakin ƙofa, gidajen manya a dama da hagu. Nan ake hawan salla, nan mahaya ke sukuwa su zo su yi gaisuwa. Kalmarmu ta dandali daga nan ta zo. A wurinmu ta sauka daga filin sarki ta koma filin 'yan mata da gaɗa a farin wata, yau kuma har shafukan intanet muna ce musu dandalin sada zumunta. Ba ita kaɗai muka aro ba. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a wata maƙala ta 1960 cewa karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo Hausa. Ga kuma sarautu: Galadima, Ciroma, Yarima, Kacalla.

Dandal ne ya sa nake ƙin a kwatanta wannan fada da manyan gidajen dutse na sarakunan Turai, waɗanda masu yawon buɗe ido ke cika a Faransa da Jamus. Waɗancan a kan tsauni aka ɗora su, ko a zagaye su da rami mai ruwa, don mai gidan ya tsira daga kowa, har talakawansa. A Borno da ƙasar Hausa ganuwa gari take kewayewa gaba ɗaya, da sarki da talaka da gonaki, shi ne birni. Gidan sarki kuwa ƙofarsa fili take kallo. Ko a Kano da Katsina ba mu ba shi wani suna na yaƙi ba, Gidan Rumfa muka ce, Gidan Korau muka ce. Fada ma asalinta zaman da ake yi ne a gaban sarki, da fadawa da masu ƙara, kafin ta zama sunan gini. Saboda haka wanda ya je Shehuri yana neman tsohon gini mai ban tsoro zai raina abin da ya gani. Ya je ranar Juma'a ko ranar salla, lokacin da Dandal ya cika da dawaki da algaita da manyan riguna.

Daga fada, inda aka fi kai yara da baƙi shi ne gidan namun daji na Sanda Kyarimi da ke kan titin Shehu Laminu, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970. Mutanen gari "zu" kawai suke cewa. Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe irin wannan wuri. Lambu na kayan miya ne da rake da ban ruwa, gandu na noma ne ko dajin da hukuma ta killace, sai muka ƙare da "wurin shaƙatawa". Babban lambun Maiduguri ma, in za a faɗi gaskiya, ba shi da shinge: itatuwan dogon yaro ne da aka jera a bakin tituna, waɗanda aka fara dasawa a lardin Borno a ƙarshen shekarun 1920, asalinsu kuwa daga Indiya.

Sunan da ke bakin ƙofar zu ɗin ya fi abin da ke cikinta tsufa. Sanda laƙabin Umaru ne, a wurinsu da wurinmu, kamar yadda Garbai yake Garba, wato Abubakar. Ɗafin "mi" kuwa "ɗan wane" yake nufi. Sanda Kyarimi shi ne Umaru ɗan Kyari, kuma da wannan ake bambanta shi da wanda ya gada, Sanda Kura, Umaru babba, da ya yi sarauta daga 1922 zuwa 1937. Kyarimi ya fara sarautar Dikwa, sannan aka kawo shi Yerwa a 1937, ya zauna har 1967. Uban nasa, Shehu Kyari, shi ne wanda ya ƙi gudu a lokacin da Rabe, mayaƙin da ya fito daga Sudan, ya ci Borno. Ya tara abin da ya rage na runduna, ya kara da shi a bakin kogin Yobe a 1894, aka kama shi aka kashe. Abin yana damuna ƙwarai cewa yara na shiga ta ƙarƙashin wannan suna su je kallon jimina da kada, ba wanda ya tsayar da su minti biyu ya gaya musu wane ne Kyari.

Ɗafi na uku shi ne "ma", mai nuna mai abu ko mutumin wani wuri. Bulama mai gari ne, Yerima mai kula da yankin Yeri. Da shi aka gina sunan sarkin da ya fi kowa shahara a tarihin Borno, Mai Idris Alauma, wanda ya yi mulki a rabi na biyu na ƙarni na 16, limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta labarin yaƙoƙinsa. Ba a kira shi Alauma yana raye ba. Bayan rasuwarsa aka laƙaba masa, saboda a Alau aka binne shi, kudu maso gabas da inda Maiduguri take a yau. Wannan Alau ɗin ce aka yi wa madatsar ruwa a shekarun 1980, kuma ita ce ta ɓalle a daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin. Ya shiga Shehuri, ya shiga harabar fada. Hukumar gidan namun dajin ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, aka kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Shekara talatin kafin nan, a 1994, an yi irin wannan ambaliya daga wuri guda. Yau in aka ce Alau a Yerwa, ba Mai Idris ke fara zuwa zuciyar mutum ba.

Ginin da ya fi kama da abin da Bature zai kira gidan yaƙi yana Dikwa, a kan hanyar Gamboru Ngala. Rabe ɗan Fadlallah, wanda ya fito daga Sudan da rundunar 'yan bindiga, ya rushe Kukawa a 1893, ya mayar da Dikwa hedikwatarsa, ya gina gidansa a can da katanga mai kauri. An sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959. A nan ma sai an yi hattara da suna. Kalmar Turanci da ake liƙa masa, wato "fort", ita ce wadda Faransawa suka bai wa sansanoninsu a wannan yanki. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka yi yaƙin Kusiri, Rabe ya mutu, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu. Sansanin da Faransawa suka kafa a tsallaken kogin Shari suka sa masa Fort-Lamy, sai a 1973 gwamnatin Cadi ta sauya shi zuwa Njamena. Ni dai Gidan Rabe nake ce wa na Dikwa, don a cikinsa ya zauna, ya yi shari'a, ya karɓi haraji kusan shekara bakwai. Kiran sa gida bai wanke shi daga ɓarnar da ya yi ba. Yana dai tuna mana cewa mulki ya yi a Borno, ba wucewa ya yi ba, kuma mutanen da suka sha wuyarsa a ƙarƙashin hukuma suka sha ta.

Kukawa kuwa sunanta ba ya buƙatar tafinta. Itacen kuka ne, da ɗafin "wa" mai nuna wurin da abu yake. Bayan rundunar Wadai ta ɓata garin a 1846, Shehu Umar ya sake gina shi gari biyu, na gabas na sarki da manyansa, na yamma na talakawa da fatake, kasuwa a tsakani. A haka Heinrich Barth ya same shi a 1851, Nachtigal kuma a 1870. Abin da ya rage na wancan zamani shi ne kaburburan Shehunan farko, har da na Shehu Laminu. Gazargamu, wadda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, tana cikin jihar Yobe ta yau, wajen Gaidam. Tudun ganuwarta na nan, da gutsattsarin jan bulo da aka gasa da wuta, irin wanda ake samu a Gambaru kusa da ita, inda aka ce fadar Magira ce, uwar sarki. Hausa na da kalmar irin wannan wuri, kufai, garin da mutanensa suka tashi. Ba mu saba ɗaukar kufai wurin ziyara ba, tsoronsa ma muke ji, kuma ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa ba a kula da su yadda ya kamata.

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, hanyoyin Kukawa da Dikwa suka daina zama na mai yawon buɗe ido. Garuruwan biyu duk sun taɓa faɗawa hannun 'yan ta'adda, mutanensu da yawa suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri, wasu suka yi shekara da shekaru a sansanoni. Duk mai son zuwa sai ya fara tambayar hukuma da mutanen wurin halin da hanya take ciki a wannan makon, ya kuma bi abin da suka ce. In an hana shi, a cikin Yerwa akwai 'yan Kukawa da 'yan Dikwa da za su iya zayyana masa inda kowane kabari da kowace ƙofa take, unguwa bayan unguwa, da sunayensu.