Binciken Sauya Ɗabi'ar Jama'a: Yadda Ake Yinsa da Haƙƙin Wanda Ake Yi wa Tambaya

Mazauna Kubwa, a Ƙaramar Hukumar Bwari ta Babban Birnin Tarayya, sun saba da ganin matasa riƙe da ƙaramar kwamfutar hannu suna bi gida-gida da tambayoyi. Yara sun kwana cikin gidan sauro daren jiya? An kammala wa jariri rigakafi? Da me ake wanke hannu bayan an fito daga bayan gida? Mai gida ko uwargida kan amsa a tsaye a bakin ƙofa, baƙon ya yi godiya ya wuce. Daga irin waɗannan amsoshi ake haɗa alƙaluman da hukumomi ke tsara shirye-shiryen wayar da kai da su, shi ya sa ya kamata a san yadda ake wannan aiki da dokokin da suka ɗaure masu yinsa.

Binciken sauya ɗabi'a reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam da ke neman sanin abin da ke sa mutum ya bar abin da ya saba, ko ya kama wani sabo ya ɗore a kai. Ya daɗe da tabbatar da cewa sani kaɗai ba ya sauya mutum, domin mai shan sigari ya fi kowa sanin illarta. A farkon shekarun 1980, James Prochaska da Carlo DiClemente a Amurka sun nazarci masu ƙoƙarin daina sigari, suka siffanta sauyi a matsayin tafiya mataki-mataki, daga rashin tunanin dainawa zuwa shawara da zuci, zuwa aikatawa da ɗorewa, kuma sau da yawa akan koma ruwa kafin a tsaya.

Matsalar aunawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi mutum. Sai dai mutum yana da kunya, kuma ba ya son baƙo ya raina gidansa. Da wuya uwa ta ce wa ma'aikaciyar lafiya ba ta wanke hannu da sabulu. Ba ƙarya ce ta mugunta ba, kare mutunci ne, amma tana kumbura alƙaluma. Saboda haka a babban binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, ma'aikaci ba ya tsayawa ga amsar baki: yakan nemi a nuna masa gidan sauron, da katin rigakafin yaro, da wurin da ake wanke hannu.

Idan kuwa aka ce a zauna a sa ido, sai wata matsalar ta ɓullo, domin wanda ya san ana kallonsa yakan gyara zama. Masana na kiran wannan da sunan Hawthorne, wata masana'anta kusa da Chicago inda aka yi nazari kan ma'aikata tsakanin 1924 da 1932.

Kubwa kuma tana da tata matsalar. Dubban mazaunanta ma'aikata ne da ke fita tun da sassafe zuwa cikin birni, ba sa dawowa sai bayan magariba. Mai binciken da ya shiga Phase 4 ko Gbazango da hantsi ranar Talata zai tarar da tsofaffi, da masu shago, da matan da ke gida. In ya rubuta cewa ya ji ra'ayin mutanen Kubwa, ya faɗi abin da bai gani ba. Haka wanda ya tsaya a rukunin gidajen da mota ke shiga, ya bar lungunan Byazhin da tsohon ƙauyen Kubwa, ko wanda ya zo da takardar Turanci kaɗai a garin da ake jin Gbagyi, Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin buroka a kasuwa ɗaya.

Hanyar da ta fi ƙarfi wajen gane ko wani shiri ne ya kawo sauyi ita ce ƙuri'a. A raba unguwanni ko asibitoci gida biyu bisa ƙuri'a, a aika wa iyaye na ɓangare ɗaya saƙon tunatarwa ta waya kan ranar rigakafi, a bar ɗayan yadda yake, sannan a kwatanta. In babu ɓangaren kwatance, ana iya yaba wa shiri kan abin da damina ko saukar farashi ta yi. Ko da hakan, sakamako ɗaya ba hujja ba ne. A 2015 wasu masana sun maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa a manyan mujallun wannan fanni, kuma kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko.

Inda aka ƙetare iyaka

Duk dabarar da ke hana mutum gyara zama a gaban mai bincike tana kusa da yaudara, kuma a nan ne maganar ɗa'a ke shigowa. A 1961 Stanley Milgram na Jami'ar Yale ya sa mutane su yi ta danna maɓallin da aka ce musu yana jona wa wani wutar lantarki, don a ga iyakar biyayyarsu ga mai ba da umarni. Wutar ta bogi ce, amma su ba su sani ba. Mutum 26 cikin 40 sun kai har matakin ƙarshe, wasunsu suna gumi suna rawar jiki. A Janairun 2012 kamfanin Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani a shafukansu har tsawon mako guda, don a ga ko yanayin zuciyarsu zai sauya, ba tare da an tambaye su ba. Sai a 2014 duniya ta ji.

Amma ga mai karatu a ƙasar Hausa, babu misalin da ya kai na Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗayan. Iyaye da dama sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa kuma iyaye sun amince da baki, ya kuma dage cewa cutar ce ta yi kisan. Bayan jaridar Washington Post ta bankaɗo lamarin a Disambar 2000, sai ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne daga baya, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba.

Wannan gwajin magani ne, amma abin da ya biyo baya darasi ne na ɗabi'a tsantsa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin cewa an gurɓata shi da abin hana haihuwa, kuma masu wannan zargi sun riƙa kafa hujja da Trovan. Sai a Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, bayan cutar ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Masana tattalin arziki biyu, Belinda Archibong da Francis Annan, sun bi alƙaluman binciken lafiya na ƙasa, suka gano cewa bayan fallasar 2000 rigakafin yau da kullum ya ragu a tsakanin 'ya'yan iyaye mata Musulmi, kuma tasirin ya ɗauki shekaru. Sai da sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka sa baki daga 2009, tare da malamai da matan unguwa masu shiga gida-gida, kafin a kai ga 25 ga Agustan 2020, ranar da aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Abin da doka ta tanada

Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 su ne tushen dokokin duniya kan bincike a kan mutane. A Najeriya akwai Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya, NHREC, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba shi gindin zama. Babban Birnin Tarayya yana da nasa kwamitin. Kafin a fara bincike, sai kwamiti mai rajista ya duba tsarinsa. Dole a gaya wa mutum manufar aikin, da haɗarinsa, da cewa yana iya ƙi ko ya janye a tsakiya ba tare da ya rasa kulawar asibiti ba. Wanda ba ya karatu yana iya dangwala yatsa a gaban shaida. Izinin mai unguwa ko na maigida yana buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin yardar wadda za a yi wa tambaya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara wani shinge kan suna, lambar waya da bayanan lafiya da ake tattarawa.

A ganin wanda ya daɗe yana aikin fassara, rauni mafi girma yana cikin takardar neman yarda kanta. Kalmar "bincike" a kunnen Bahaushe tana iya nufin aikin 'yan sanda. "Gwaji" kuwa mai jinya zai ɗauka gwajin jini ne don a gano ciwonsa, ba gwada magani ko dabara a kansa ba. Sau da yawa akan miƙa wa mai fassara takardar ana gobe fita aiki, ba a kuma sa wani ya mayar da fassarar zuwa Turanci don a ga ko ma'ana ta kuɓuce. Kuɗin mota ko sabulun da ake bayarwa a ƙarshen hira halal ne idan diyyar lokaci ne, amma kwamiti na da ikon hana shi idan ya kai girman da talaka ba zai iya cewa a'a ba.

Duk mazaunin Kubwa da aka yi wa sallama da irin wannan aiki yana da damar neman katin shaidar ma'aikacin, da sunan hukumar da ta turo shi, da lambar izinin kwamitin ɗa'a, wadda akan buga a jikin takardar neman yarda tare da lambar wayar da za a kai ƙorafi. Yana kuma da damar tsallake duk tambayar da bai so ba, ya riƙe kwafin takardar da ya sa wa hannu.