Hurumin Malamai: Gardamar Degel da Alƙalawa

Tun zamanin da, sarakuna sukan keɓe wa malamai wuri su ce hurumi ne. Wanda ke zaune a ciki ba ya biyan haraji, bayin sarki kuwa ba su shiga su yi kamu. A Barno har a takarda akan rubuta wannan alkawari, ana kiranta maharam, zuriyar malamin su yi ta adana ta. Amma hurumi ba ya rabuwa da gardama, domin kullum akwai tambaya guda: wanda ya fake a inuwar malami, hukuncinsa a hannun wa yake?

Ba ƙasarmu kaɗai aka yi wannan ba. A Ingila akwai ruhubanawa, watau Nasara masu barin duniya su zauna gidan ibada. Sarki Wiliyam ya gina musu wani gida a Batil, inda ya ci yaƙi cikin 1066. Daga baya Hilari, babban limamin Cicesta, ya ce gidan a ƙarƙashinsa yake. Shugaban gidan ya ce sam, su ban da sarki ba su da shugaba. Cikin 1157 aka je gaban Sarki Henri na Biyu, ruhubanawa suka kawo takardun hurumi, sarki ya ba su gaskiya. Masana sun gano daga baya cewa takardun nan ƙirƙirarsu aka yi, amma dai maganar a gaban shari'a ta tsaya.

A Gobir ba haka ta kasance ba. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ran Sallar Layya, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abu biyar maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Da haka jama'ar Shehu a Degel ta zama kamar wani gari a cikin gari.

To, alherin da sarki ya yi, wani sarki yana iya janye shi. Da Nafata ya hau, sai ya ga mutane suna ta zamewa daga hannunsa. Ya sa aka yi shela: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu, kada kowa ya musulunta sai wanda ya gada, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi.

Wani almajirin Shehu, Abdussalami, ya ji tsoro ya tashi da mutanensa zuwa Gimbana. Da Yunfa ya gaji ubansa Nafata, rundunar Gobir ta faɗa wa garin cikin 1803, ta kama bayi. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, sai jama'a suka tare hanya suka kwance su. Nan ne gardamar ta fito fili. Ga Yunfa, waɗannan talakawansa ne da suka yi tawaye. Ga jama'a kuwa, Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba. Babu alƙalin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Yunfa ya aika wa Shehu ya fita shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba. Cikin Fabrairu 1804 suka yi hijira zuwa Gudu, cikin 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Wutar ba ta tsaya a Gobir ba. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ba ta koma kan gadon birnin ba sai 1906, da aka naɗa Malam Musa. Shekara ɗari ke nan gidan sarautar Daura yana waje, asalin abin kuwa gardama ce a kan hurumin wani ƙauye a Gobir.