Gishiri, Makiyaya ko Yunwa: Sake Nazarin Faɗuwar Daular Ur ta Uku

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilai uku da ake dangantawa da rushewar Daular Ur ta Uku a kudancin Iraƙi ta yau. Ta dogara da allunan yumɓu na harkar mulki da wasiƙun da aka jingina wa sarakunan daular. Matsayinta shi ne tsarin tara haraji da ya ɗaukaka Ur shi ne ya bar ta cikin yunwa a lokacin da larduna suka janye biyayya.

Gabatarwa

Ur-Nammu ya kafa daular wajen shekara ta 2112 kafin Miladiyya, ta kuma faɗi a 2004, bisa ƙidayar da akasarin masana ke bi. Sarakuna biyar ta yi: Ur-Nammu, Shulgi wanda ya shekara 48 a kan karaga, Amar-Sin, Shu-Sin da Ibbi-Sin. Ƙarni ɗaya kacal ta rayu, amma magatakardanta sun bar dubun dubatar alluna, yawancinsu rasit ne na hatsi, dabbobi da ladan ma'aikata. Da wuya a sami wata tsohuwar daula da za a iya bin rugujewarta shekara bayan shekara kamar wannan.

Bayanan da aka saba bayarwa

A 1958 Thorkild Jacobsen da Robert Adams suka wallafa wani nazari a mujallar Science, inda suka ce ban-ruwa na tsawon ƙarnoni ya tara gishiri a gonakin Sumer. Hujjarsu ita ce raguwar alkama, wadda ba ta jure gishiri kamar sha'ir: a Girsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin shida na amfanin gona wajen 2400 kafin Miladiyya, amma wajen 2100 ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Marvin Powell ya ƙalubalanci wannan lissafi a 1985, yana mai nuna cewa manoman sun san hutar da gona da wanke ƙasa da ruwa. Ko da an karɓi alƙaluman yadda suke, ciwo ne mai tafiyar hawainiya, ba zai bayyana yadda daula ta wargaje cikin shekaru goma ba.

Bayani na biyu shi ne kwararowar makiyaya Amoriyawa. Gaskiya ne Shu-Sin ya gina ganuwa don tare su, har aka sa wa shekararsa ta huɗu sunan wannan aiki. Sai dai allunan sun nuna akwai Amoriyawa da dama a cikin rundunar sarki da hidimar fada, don haka kallonsu a matsayin baƙin da suka afko daga jeji kawai bai cika ba.

Tsarin da ya ɗaure larduna da fada

A zamanin Shulgi aka daidaita tsarin da ake kira bala. Kowane lardi na tsakiyar ƙasa yana da lokacinsa na ɗaukar nauyin fada da manyan ɗakunan bauta, karɓa-karɓa, kowa da abin da ƙasarsa ke bayarwa. Girsu ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka na hatsi, Umma na kawo hatsi da itace da kara. Yankunan kan iyaka na gabas da kogin Dijla kuwa jangali suke biya, ana kora dabbobin zuwa Puzrish-Dagan kusa da Nippur, a ƙirga su, a rarraba.

Tsarin ya yi aiki, amma yana da lam'a. Ur tana can ƙuryar kudu a bakin kogin Furat, kuma jama'ar da fada da ɗakin bautar Nanna ke ciyarwa, masaƙa da masu sana'a da dakaru, sun dogara ne da jiragen hatsi daga wasu larduna. Ikon sarki a kan gwamnoni shi ne rumbun birnin.

Ana iya ganin yadda ikon ya zube ta hanyar sunayen shekaru, domin lardin da ke biyayya da sunan shekarar sarki yake sa kwanan wata a allunansa. Cikin shekaru takwas na farkon mulkin Ibbi-Sin, Eshnunna da Susa suka daina, sai Girsu da Umma, daga ƙarshe Nippur, cibiyar addinin ƙasar. Rasit ɗin Puzrish-Dagan ma sun yanke tun farkon mulkinsa. A daidai wannan tsakani allunan Ur suka nuna tashin gwauron zabon farashin sha'ir, wanda Jacobsen ya ƙiyasta ya kai ninki 60.

Wasiƙar Ishbi-Erra

Wata wasiƙa da aka jingina wa Ishbi-Erra, hadimin sarki Ibbi-Sin ɗan asalin Mari, ta ce an aike shi arewa da azurfa don sayen hatsi, ya sayi gur 72,000, ya tara a Isin, amma ya ce Amoriyawa sun tare hanya, sai a aiko masa da jirage 600. Gur ɗaya kusan lita 300 ne. Abin lura shi ne farashin da wasiƙar ta ambata: shekel ɗaya na azurfa a kan gur ɗaya, wato farashin da aka saba. Ke nan hatsi na nan a ƙasar, Ur ce ba ta da ikon jawo shi.

Dole a yi taka-tsantsan a nan. Kwafin wasiƙar da muke da su ɗaliban makarantun magatakarda ne suka rubuta su fiye da shekaru 200 bayan faruwar lamarin, kuma Piotr Michalowski ya nuna a 2011 cewa da yawa daga irin waɗannan wasiƙu an gyara su ko an ƙirƙire su don koyarwa. A ganina wasiƙar ba ta isa hujja ita kaɗai ba, amma abin da ya biyo baya ya mara mata baya: Ishbi-Erra ya kafa sarautarsa a Isin wajen 2017 kafin Miladiyya, magatakardansa suka ci gaba da rubuta rasit da harshen Sumer a kan salon Ur. Ƙasar da gishiri ya kashe ba za ta ɗauki nauyin sabuwar fada nan take ba.

Ibbi-Sin ya ci gaba da riƙe Ur da kewayenta har shekara 24. A 2004 kafin Miladiyya rundunar Ilam da Shimashki daga tsaunukan Iran ta ci birnin, aka tafi da sarki Anshan a ɗaure. Bayan wasu shekaru Ishbi-Erra ya kori dakarun Ilam daga Ur, magajinsa Shu-ilishu kuma ya dawo da gunkin Nanna daga Anshan.