Jinkirin allo a wasannin kwamfuta

Jinkirin allo shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin danna maɓalli da bayyanar sakamakonsa a fuskar kwamfuta ko talabijin. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Yawan sabunta hoto na da babban tasiri. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yakan ɗauki kusan milisakan 16.7 kafin ya nuna sabo. Mai sau 144 kuwa kusan 6.9, mai sau 240 kusan 4.2. A wasan harbi irin Counter-Strike, wannan tazara kan sa ɗan wasa ya riga abokin karawarsa ganin motsi.

Irin allon ma na da nasa rabo. Tsofaffin alluna masu tudun baya, wato CRT, kusan ba sa jinkiri, shi ya sa har yau masu gasar Super Smash Bros. Melee ke nemansu. A allon LCD, ɗigon hoto na buƙatar lokaci kafin ya sauya launi, kuma nau'in VA kan bar inuwa a bayan abu mai gudu, musamman a wurare masu duhu. A OLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, yana sauyawa cikin ƙasa da milisakan 1.

Talabijin na zamani kan tsaya gyara hoto kafin nuna shi. Kunna yanayin wasa na rage wannan ɓata lokaci. Adadin “1ms” da ake bugawa a jikin kwalin allo yana nufin saurin sauya launin ɗigo ne kawai, ba jinkirin allo gaba ɗaya ba, abin da kan ruɗi masu saye da yawa.