Barazanar ta Sauya, Tsarin Bai Sauya Ba: Makomar Itatuwan Gargajiya a Tsakiyar Jigawa

Tsarin kare tsirrai da ake bi a Garki da maƙwabtanta ya samo asali ne daga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. A wancan zamani abin tsoro shi ne kwararowar hamada, maganin da hukuma ta kawo kuwa shi ne layukan darbejiya da turare masu kare iska. Shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, ya gaji wannan tunani: ana auna nasara da yawan dashe. Sai dai darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, kuma yawanta ba ya nuna halin da itatuwan ƙasar suke ciki.

Abin da ke cin itatuwanmu yau kasuwa ce. Kirya da marke suna ƙarewa a buhunan gawayi, musamman tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, makamashin girki ya yi tsada a birane. Hano, wanda ba ya fitowa a ko'ina a duniya sai a dazuzzukan Afirka ta Yamma zuwa tsakiyarta, kuma ya fi son ƙasa mai duwatsu irin ta kewayen Dutse, sassaƙe ne ke kashe shi. Mai magani na da yakan ɗebi ɓawo ta gefe guda ya bar itacen ya warke. Mai sarin ɓawo don kaiwa birni yakan zagaye gindin gaba ɗaya. Maɗaci ma haka yake shan wuya, ga shi tuni ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jinsunan da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Gonakin riɗi da zoɓo kuma suna faɗaɗa, garma na tumɓuke tsiro tun bai kai gwiwa ba, har ka ga gona da tsofaffin ɗorawa babu ƙarama ko ɗaya.

Labarin madobiya ya isa gargaɗi. Buƙatar katako a Sin ta kwashe ta daga dazukan Kogi da Taraba cikin 'yan shekaru, kafin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, ta taƙaita cinikinta a 2017. Doka ta iso bayan gatari ya gama aiki.

A ganina, Jigawa na buƙatar ƙidayar kowane jinsi da sunansa, a maimaita ta duk bayan 'yan shekaru, tare da masu unguwanni da makiyaya da masu maganin gargajiya, domin su ne suka san inda kowane itace ya rage. Jami'ar Tarayya ta Dutse na iya riƙe kundin. Hanyar renon tsiron da ya fito da kansa, wadda manoman Maraɗi suka bunƙasa tun shekarun 1980 har ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ta fi dacewa da gonakin Garki, sai dai ba za ta yi aiki ba sai doka ta tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena mallakarsa ne.