Ido Ba Mudu Ba: Shekara Ɗari Ana Neman Sirrin Ganin Gwanayen Wasa

Wannan makon filin wasa za mu leƙa, amma ta ƙofar tarihi.

A shekarar 2011, a birnin Madrid, an shigar da Cristiano Ronaldo wani rufaffen zaure da aka kafa raga a ciki. Wani mutum ya tsaya daga gefe yana bugo masa ƙwallo ta sama, shi kuma aikinsa ya jefa ta a raga. Sharaɗin shi ne, da zarar ƙwallo ta tashi sai a kashe fitilu, wurin ya yi duhu dunɗum. Ronaldo ya ci ta farko, ya ci ta biyu. A karo na ƙarshe aka ɗauke wutar daidai lokacin da ƙafar mai bugu za ta taɓa ƙwallon, wato bai ga tashinta ba sam, amma ya sa kafaɗa ya tura ta raga. Wani matashin da ba ƙwararre ba, da aka gwada shi a duhun, ko taɓa ƙwallon bai yi ba. Fim ɗin na tallar kamfanin Castrol ne, don haka ba za mu ɗauke shi hujjar kimiyya ba. Sai dai tambayar da ya tayar tsohuwa ce: me gwani yake gani da sauran mutane ba sa gani, kuma ana iya koyar da shi?

Amsar farko da mutane suka bayar ita ce mafi sauƙi: gwani kaifin ido aka haife shi da shi. A 1921, shekarar da Babe Ruth ya gigita Amurka a wasan besbol, inda ake jefo wa mutum ƙaramar ƙwallo ya make ta da kulki, masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kolombiya ta New York suka kai shi ɗakin gwaji. Suka riƙa haska masa haruffa na ɗan ƙiftawar ido, suka auna saurin hannunsa da na kunnensa. Mujallar Popular Science Monthly ta buga labarin, ta ce idanunsa sun fi na gama-garin mutane sauri da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Jama'a suka karɓi zancen hannu bibbiyu, domin ya dace da abin da dama suke zato.

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato. Tsakanin 1992 da 1995 likitocin ido sun auna 'yan wasan ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers, suka tarar yawancinsu sun fi mutanen gari kaifin gani. Amma tun kafin nan akwai mutumin da labarinsa ya ƙi shiga wannan lissafi. Don Bradman na Ostareliya, wanda ya yi wasan kurket na ƙasa da ƙasa daga 1928 zuwa 1948, ya bar matsakaicin maki 99.94, alhali manyan gwanayen da ke biye masa suna wajen 60 da 'yan kai. Da ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi masa gwajin ido irin wanda ake yi wa kowane kurtu, sai sakamako ya nuna ganinsa ba shi da wani ƙarfi. Abin da aka sani game da yarintarsa a garin Bowral shi ne, yakan ɗauki siririyar sanda da 'yar ƙwallon golf, ya yi ta buga ta a jikin lanƙwasasshen ginin bulo da aka ɗora tankin ruwan gidansu a kai. Ƙwallon takan dawo ta inda ba a zata ba, shi kuma ya sake tare ta. Haka ya yi shekaru, shi kaɗai a bayan gida.

Kafin mu ci gaba, a yi ɗan lissafi. Tsakanin mai jefa ƙwallon besbol da mai bugu mita 18 ne da ɗoriya. Ƙwallon da ke gudun kilomita 150 a awa takan cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin sakan. Ɗan Adam kuwa, daga ya ga abu zuwa jikinsa ya fara motsi, yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma a nan gwani da ɗan koyo ba su da wani babban bambanci. Haka abin yake a bugun fenareti: mita 11 ne, ƙwallo tana isa raga cikin kimanin rabin sakan. Golan da ya jira sai ya ga inda ta nufa kafin ya faɗi, sau da yawa daga cikin raga zai ɗauko ta. Ke nan komai kaifin ido, lokacin bai isa a gani sannan a yanke shawara ba.

Daga shekarun 1970 bincike ya sauya alƙibla, kuma hasken daga wasan darar Turawa da ake kira ces ya fito. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka riƙa nuna wa 'yan wasa allon dara na 'yan sakanni, sannan a rufe a ce su sake jera 'ya'yan yadda suka gani. Idan jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan mayar da mafi yawansu daidai. Idan kuwa watsa su aka yi barkatai, fifikon nasa sai ya kusan gushewa. Ashe ba hoto idonsa ke ɗauka ba, tsarin da ya saba gani yake ganewa. Janet Starkes a Kanada ta kai irin wannan gwaji wajen 'yan ƙwallon raga da na gora. Bruce Abernethy a Ostareliya kuma, a shekarun 1980, ya riƙa nuna wa 'yan badminton fim ɗin abokin karawa, sai ya yanke hoton kafin a bugi ƙwallo, ya ce su faɗi inda za ta sauka. Gwanaye suna karanta amsar a hannu da damtsen mai bugu. 'Yan koyo sai sun ga ƙwallon ta tashi.

A shekarar 2000 masana biyu a Ingila, Michael Land da Peter McLeod, suka ɗaura wa masu bugun kurket kyamarar da ke bin motsin ƙwayar ido. Koci na duniya kullum cewa yake kada ka ɗauke ido daga kan ƙwallo. Kyamara ta nuna gwani yana ɗaukewa: yakan dubi ƙwallon lokacin da ta bar hannun mai jifa, sai idonsa ya yi tsalle ya riga ta zuwa inda za ta daki ƙasa, ya jira ta a can. Wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi saurin yin wannan tsallen.

Wani abin dariya da ya faru a Amurka a 2004 ya ƙara fito da zancen fili. Jennie Finch, gwanar jifa a wasan sofbol na mata, inda ƙwallon ta fi girma kuma ta ƙasan kafaɗa ake wurgo ta, ta fuskanci manyan mazajen besbol irin su Albert Pujols da Mike Piazza. Suka kasa taɓa ƙwallonta. Idanunsu na nan yadda suke, amma kafaɗa da hannun da suka shekara suna karantawa ba su ne a gabansu ba. Masanin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya riga ya bayyana cewa gani ba a ƙwayar ido yake ƙarewa ba, sai hankali ya gwada abin da ya shigo da abin da ya taɓa sani. Bahaushe ma ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sanin kimar nan yau da gobe ke kawo shi.

To idan koyonsa ake yi, ta yaya za a koyar? Nan tarihin ya rabu gida biyu.

Gida na farko su ne masu horar da ido shi kaɗai, a wajen fili: bin ɗigon haske a allo, mayar da gani daga kusa zuwa nesa, faɗaɗa ganin gefe. Wadda ta fi shahara a nan ita ce Sherylle Calder, tsohuwar 'yar ƙwallon gora ta Afirka ta Kudu. Tana cikin masu horar da Ingila lokacin da ta ci Kofin Duniya na zari-ruga a 2003, tana kuma tare da ƙasarta lokacin da ta ci a 2007. Ernie Els ma ya yi aiki da ita kafin ya lashe babbar gasar golf ta Birtaniya a 2012. Kamfanoni suka shigo da hajarsu, har Nike ta fitar da tabarau mai ƙyaftawa, yana rufe gani yana buɗewa, don a saba da aiki da ɗan abin da aka gani. Sai dai cin kofi ba ya nuna wane sashe na horo ne ya kawo nasarar, tunda ƙungiya tana da koci da yawa da 'yan wasa masu hazaƙa. A 2001 Abernethy da Joanne Wood suka gwada abin kai tsaye: matasa 40, mako huɗu, wasu aka ba su irin wannan atisayen ido, wasu ba a ba su ba. Da aka koma fili, atisayen bai ƙara wa masu yin sa komai ba. Har yau ana jayayya a kan wannan gida. Mutum yakan ƙware a wasan allon, amma kai ƙwarewar cikin fili shi ne inda gizo ke saƙa.

Gida na biyu su ne masu horar da ido a cikin wasan kansa. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta sa wa 'yan ƙwallon kwando mata kyamarar ido, ta buga sakamakon a 1996. Ta ga cewa kafin jifa, gwanaye sukan kafe idonsu wuri guda a bakin kwandon na kusan sakan ɗaya, na ƙasa da su kuwa ba sa kai rabin sakan, idonsu na ta yawo. Ta sa wa abin suna da za mu iya cewa nutsattsen ido. Da aka koya wa ƙungiyar matan jami'arta wannan ɗabi'a, cin jifarsu ya ƙaru a kakanni biyu da suka biyo baya. A Jami'ar Exeter ta Ingila kuma, a 2009, aka gano cewa mai bugun fenareti idan fargaba ta kama shi gola yake zuba wa ido, ƙafa kuma sai ta bi ido, ƙwallo ta tafi kusa da golan. Maganin da suka gwada shi ne a saba wa ɗan wasa ya zaɓi kusurwa, ya tsayar da idonsa a kanta kafin ya taho.

Geir Jordet na ƙasar Norway ya ɗauki wani ɓangaren. Ya shafe shekaru yana ƙirga sau nawa ɗan ƙwallo ke waiwayawa a sakan goma na ƙarshe kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Xavi na Barcelona yakan kai kusan sau takwas, Frank Lampard kusan shida, kuma a bincikensa masu yawan waiwaye sun fi ba da ƙwallo ta isa inda aka aika ta. Wanda duk ya zauna gidan kallo a zamanin Xavi ya ga wannan kai da ke juyawa hagu da dama, ko da bai san ana ƙirga shi ba.

Idan aka tattara shekara ɗarin nan, abin da ya tsaya da ƙafarsa kaɗan ne, amma mai amfani. Lafiyar ido ita ce tushe: yaron da ba ya gani sosai asibitin ido ya kamata a kai shi, ba a yi ta yi masa tsawa a fili ba. Edgar Davids ya yi shekaru yana taka leda a Juventus da tabarau bayan an yi masa aikin ciwon hawan jinin ido, bai kuma hana shi zama gwani ba. Bayan wannan, abin da ya fi samun goyon bayan bincike ba ya buƙatar na'ura mai tsada: gola ya koyi duban ƙugu da ƙafar da mai bugu ya dasa a ƙasa, ɗan tsakiya ya saba da waiwaye kafin ƙwallo ta zo, mai fenareti ya zaɓi wurinsa ya nutsu. Duk wanda ya zo wa ƙungiyar unguwa da manhaja ko tabarau yana cewa zai mayar da yara Ronaldo cikin wata guda, a tambaye shi a wane fili aka gwada, da su wa aka kwatanta. Bradman dai da sanda da gindin tankin ruwa ya fara.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.