Shin litar da kake saye a gidan mai tana cika? Tsakanin zafin rana da famfon mai

Kwanakin baya ina zaune a teburin wani mai shayi kusa da garejin kanikawa na Apo, a nan Abuja, sai gardama ta kaure tsakanin wani matashi mai tuƙa keke Napep da wani dattijon bakanike. Yaron ya rantse cewa shi ba ya shan mai sai bayan sallar asuba, wai man safe ya fi auki, na rana kuwa rabinsa iska ne. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka bar rana ta huta. Wanda ke cin kuɗinka yana tsaye ne a gaban famfo." Yaron ya ce, "Baba, ai ni na gani da idona."

Na san irin wannan gardama ana yin ta a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal, duk inda 'yan uwanmu ke neman abinci da babur ko keke ko janareta. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a Abuja a ƙarshen 2024. Yanzu rabin lita ma kuɗin abincin rana ne. Shi ya sa na ga ya dace a baje maganar a faifai.

Me zafi ke yi wa fetur?

Yaron yana da gaskiya a wuri ɗaya. Fetur yana kumbura idan ya ɗau zafi, yana tsukewa idan ya yi sanyi. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: duk digiri ɗaya na ma'aunin salshiyas da zafin man ya ƙaru, lita 1,000 tana ƙara kusan lita ɗaya. Man dizal ma haka yake, sai dai kumburinsa bai kai na fetur ba.

Abin lura shi ne, man ba ƙaruwa ya yi ba, wuri kawai ya ƙara ci. Nauyinsa yana nan yadda yake, kuma injin nauyin man yake ƙonawa, ba girmansa ba. Ke nan litar mai ɗumi ba ta kai ta mai sanyi ƙarfi ba, ko da duka biyun sun cika mudu.

Saboda haka ne manyan 'yan kasuwar mai na duniya suke mayar da lissafinsu kan zafin digiri 15, kowane irin zafi man yake da shi a lokacin awo. A Kanada har famfunan gidajen mai ana saka musu na'urar da ke auna zafin man ta daidaita litar zuwa digiri 15. A Amurka kuwa masu motoci sun sha kai kamfanonin mai kotu a kan wannan batu na mai mai zafi. Mu a nan galibin famfunanmu litar suke ƙirgawa yadda ta fito, zafi ko sanyi.

To man safe ya fi auki?

A nan ne yaron ya kauce. Man gidan mai ba a rana yake ba, yana cikin tankin da aka binne a ƙarƙashin ƙasa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke doshin digiri 40 da rana, ƙasan can ba ta san ana yi ba. Zafin man da ke ciki da ƙyar yake motsawa tsakanin asuba da azahar.

Mu ɗauka ma ya motsa da digiri 2. Wanda ya sha lita 10 zai yi asarar abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi huɗu ba. Idan lita tana naira 1,000, naira 20 ke nan cikin naira 10,000. Man da za ka ƙona ka zagayo daga Apo Resettlement zuwa gidan man da kake so da sassafe ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Inda zafi ke yin tasiri na gaske wurare biyu ne. Na farko jarkokin 'yan bumburutu da ke wuni a bakin titi. Jarka mai lita 25 da ta ƙara zafin digiri 12 a rana za ta kumbura da kusan kwalbar lemo guda, ga kuma wanda ke bin iska duk lokacin da aka buɗe murfi. Na biyu tankokin dakon mai. Tankar da ta ɗauko lita 33,000 daga Apapa, idan man ya huce da digiri 5 kafin a sauke shi, sandar awo za ta nuna kamar lita 165 ta ɓace, alhali direba bai taɓa ko ɗigo ba. Direbobinmu da ke wannan hanya sun san irin rigimar da ake yi a kan haka wajen sauke kaya.

Yadda famfo ke ƙirga lita

A cikin famfon akwai mita. Mai yana bi ta cikinta yana tura wasu ƙananan fistin, kowane zagaye yana fitar da adadin da aka sani, wata na'ura kuma tana ƙirga zagayen tana aika lamba zuwa allon da kake kallo. Mitar tana da wurin saiti, domin duk inji yana lalacewa da tsufa. Bayan masu awo sun daidaita ta sai su ɗaure wurin da waya da hatimi.

Ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi ita ce kada kuskuren famfo ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sama ko ƙasa. A lita 20, kusan babban cokalin cin abinci bakwai ke nan. Famfo mai lafiya abin dogaro ne. Matsalar tana zuwa ne idan aka karya hatimi aka taɓa saitin, allo yana nuna lita 10 amma tara da rabi ce ta shiga. Wannan rabin litar naira 500 ce a lissafinmu na ɗazu, ninki 25 na abin da rana ta ci. Tauye mudu ne tsagwaronsa, kawai dai an saka masa lantarki.

Akwai kuma wadda ba ta buƙatar bakanike. Ni kaina an taɓa yi mini a wani gidan mai a hanyar Gudu. Mai babur ya sha na ɗan kuɗi kaɗan a gabana, ina matsowa wani ya zo yana tambayata ko za a goge gilashi, kafin in juyo mai zuba man ya ɗora nawa a kan lissafin mai babur ba tare da ya mayar da allo sifili ba. Sai da na isa gida na gane.

Wa ke da alhakin sa ido?

Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa ta gaji aikin tsohuwar DPR a wannan ɓangare, ita ke kula da gidajen mai, kuma tana rufe famfon da ta kama yana tauye awo. Jami'anta suna zuwa da gwangwanin ƙarfe na musamman mai dogon wuya da gilashin awo a jikinsa, a zuba mai a ciki a gwada da abin da allo ya nuna. Akwai kuma sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, sannan hukumar FCCPC tana karɓar koken masu saye.

Abin da za ka iya yi da kanka

Ka sauka ka tsaya inda kake ganin allo, ka tabbata ya koma sifili kafin a ɗora bakin tiyo a tankinka.

Ka duba farashin lita a allon famfo, ka gwada da wanda aka rubuta a bakin titi, sannan ka ninka da litar da aka zuba ka ga ko ya yi daidai da kuɗinka.

Kada ka yanke hukunci da allurar mota kawai. Tankin mota ba murabba'i ba ne, allura takan daɗe a sama sannan ta faɗo da sauri. Haka jarkar roba: wadda aka ce lita 25 ce takan ci fiye da haka idan an cika ta har baki, kuma tsohuwa takan buɗe ciki.

Idan kana son gwaji, ka samu jarka guda ka auna mata ruwa lita 10 da kwalbar da ka san awonta, ka ja layi a daidai inda ruwan ya tsaya, ka bari ta bushe sarai. Ka sayi lita 10 a cikinta a gidajen mai biyu ko uku, kana ajiye ta a ƙasa mai daidai. Wannan ba hujjar kotu ba ce, amma rabin lita ba ta ɓuya. Idan ka ga giɓi, ka karɓi rasit, ka riƙe lambar famfon da ranar, ka kai ƙara. Ƙungiyar 'yan acaba ko 'yan keke idan ta kai koke a dunƙule an fi saurarenta.

Sannan kada ka cika tanki ko jarka har wuya a lokacin zafi. Man da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa zai kumbura a rana ya tsiyaye, ga asara ga haɗarin gobara, musamman ga masu ajiye jarka kusa da janareta a shago ko ɗaki.

Na sake haɗuwa da yaron nan bayan 'yan kwanaki a shataletalen Apo. Ya ce har yanzu da asuba yake shan mai, amma yanzu don babu layi ne, kuma ba ya bari a fara zubawa sai ya ga sifili da idonsa.